Fitilu Goma Sha Biyu Domin Diddige Ɗaya

Na karanta tarihin dauloli gwargwadon abin da ɗakin littattafan makarantar horon malamai ya ƙunsa, wato kanta biyu da rabi, kuma na fito da hukunci guda wanda har yau ban ga dalilin janye shi ba: duk wata babbar gardama ta ƴan Adam, in aka tankaɗe ta aka zubar da dusa, gardama ce a kan inda za a ajiye fitila. Wa za a haska, wa za a bari cikin duhu, kuma daga wane gefe. Sarakuna sun yi yaƙi a kan wannan, masana sun ƙarar da tawada. Ni wata biyu na yi a kai, a wani ƙauye na ƙasar Mayahi, da fitilun ƙwai goma sha biyu waɗanda babu tawa ko ɗaya a cikinsu.

Sojoji ke mulki a lokacin, ruwa kuma ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Ni ne malamin lakwal, wato makarantar boko ta garin, ni ne darakta, ni ne kuma mai kaɗa ƙararrawa, wadda wani tsohon ƙarfen mota ne rataye a reshen dogon yaro. Yaro da babba Mushe suke ce mini, wato malam da Faransancin bakinmu, har liman, wanda ya isa ya haife ni. Hukuma a zamanin tana son ganin matasa suna aiki tare suna wasa tare, saboda haka kowace shekara bayan kaka garuruwa sukan taru a Mayahi a yi gasar raye-raye. Fari bai soke gasar ba. Kakar kaɗai ya soke.

Garinmu rawa ɗaya gare shi, rawar hauya. Maza takwas ne a jere, kowa da hauyarsa mai doguwar ƙota, irin wadda ake turawa a tsaye cikin rairayi, gangar noma tana biye da su. Daga ƙugu zuwa sama babu abin ba da labari: mutane ne suna noma, abin da duk mai kallo ya baro a gida. Rawar tana ƙasa. Wanda ya taɓa shuka ya san yadda ake jefa iri a rami a rufe shi da diddige ana tafiya; to, wannan rufewar ce aka ɗauka aka mayar rawa. Mai jan layin, wanda ake kira Sarkin Rawa, sarautar da ba rawani ba gona, yakan rufe rami uku cikin bugun ganga ɗaya, rairayi yana tashi a bayan diddigensa kamar an watsa shi da ludayi. Wurin ubansa ya koya. Sauran bakwai ɗin rami ɗaya suke rufewa, ɗaya da rabi in an ci abinci.

Shekarar da ta gabata mun je gasar, mun dawo na ƙarshe. Ba rawar ce ta lalace ba. Bayan isha'i aka yi wasan, kuma fitila mai famfo guda ɗaya da ke filin, mai farin hasken nan da ke huci, an ɗora ta inda ake ɗora ta tun ranar da ta shigo ƙasar: bisa tebur, gaban manyan baƙi. Haka ladabi ya tanada a wurinmu. Haske girmamawa ne, fuska ake ba shi, kuma fuskar babba. Jama'a sun sha kallon alƙalan gasa, har da yadda ɗayansu ke sakace haƙori. Su kuwa alƙalan, da fitila a tsakar idonsu, abin da suka hango a fili kawuna takwas ne suna yawo a kan duhu. Ɗayansu ya gaya mini daga baya, da kyakkyawar zuciya, cewa kacau-kacau ɗin ƙafafunmu suna da daɗin ji.

Da aka tabbata gonaki ba su ba da komai ba, maza suka fara ɗaure tabarma suna bin kudu cin rani. Wata rana bayan na sallami yara, Sarkin Rawa ya shigo aji ya zauna a kan bencin ƴan ajin farko, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"Mushe, abokaina sun tahi Katsina jiya," ya ce. "An ce akwai dako a tasha, wanda ya riga zuwa shi ke samu."

"Kai fa?"

"Shi na zo tambaya. Gwiwar ga ba ta kai ni baɗi, ita da kanta ta hwaɗa mini. Bana ne ƙarshe. In bana ma kawuna za a gani, gaya mini in bi mota ran kasuwa. Kaina ba abin kallo ba ne, uwata ma ba ta ɓoye mini ba."

Na san abin da tsayawarsa take nufi. Saura wata biyu a yi gasar, abin da ke rumbunsa kuwa ba zai kai su rabin haka ba. Duk makon da ya ƙara a garin, daga ƙwaryar ƴaƴansa aka ɗebe shi. Mutum mai hankali zai ce masa ya tafi. Ni kuwa malami ne mai shekara ashirin da ƴan kai, na saba faɗin abu a gaban allo babu mai musa mini.

"Za a ga ƙafarka," na ce.

Ya dube ni kamar yadda ake duban saniya a kasuwa, sannan ya tashi. "To, na tsaya."

Ba da ka na yi alkawarin ba, ko da yake ya yi kusa da haka. A makarantar horo na taɓa cin karo da wani littafin Faransanci marar bango, gara ta cinye sunan mai shi, a kan yadda ake shirya dandalin wasa a manyan birane. Babi ɗaya ya zauna mini. Mai magana ana haska shi daga gaba domin a ga bakinsa. Mai rawa kuwa daga gefe, hagu da dama, domin hasken gaba yana shafe jiki ya mayar da mutum kamar hoton katin shaida, na gefe shi ke fito da tudu da kwari. Littafin ya ba da shawarar fitilun lantarki kaza a kan sandunan ƙarfe kaza. Lantarki mafi kusa da mu yana Tasawa. Da almuru na ari wata ƙwarya mai zane, na sa mata fitilar aci-bal-bal a gaba: sumul, kamar ba a taɓa sa mata wuƙa ba. Na matsar da fitilar gefe, kowane tsagi ya miƙe tsaye da inuwarsa. Na kwanta da farin cikin mutumin da ya warware rabin lissafi, bai riga ya ga ɗaya rabin ba.

Na rubuta wa masu shirya gasa takarda da Faransanci mai guga, ina neman kayan haske. Amsa ta zo bayan mako biyu: kwalba biyu na kananzir, da jumla ɗaya mai tuna mini cewa ƙasa ta dogara ga ƙoƙarin ƴaƴanta. Iyakar abin da aka ba ni ke nan, kuma jumlar ba ta ci da wuta.

Fitilu akwai su a garin, sai dai ba na haskawa ba ne. Kowace amarya takan zo da fitilar ƙwai cikin kayan ɗakinta, a ɗora ta can saman jeren kwanoni tana sheƙi, ana goge ta duk Juma'a. Aikin dare aci-bal-bal ke yi, ko farin wata. Fitilar jere ba a kunna ta, ba a kuma ba da aronta. Ni da ban yi aure ba ban san haka ba, sai na bi maza gida-gida. Kowa ya ce mini ai babu komai, gobe za a kawo. Mutum ba ya rowar abin da ba nasa ba. Kwana biyar ban ga ko lagwani ba.

Aka ce in je wurin Inna, ungozomar gari, tsohuwar da ta yanke cibiyar fiye da rabin masu rawar, kuma mai fitila ɗaya tilo a garin da ta san ɗanɗanon kananzir. Na same ta tana tsince wani ganye a faifai.

"Mushe, duk karatun nan naka, ka je tambayar maza kayan ɗakin mata? Da jakin gidan ka tambaya, shi ko ba komi yana kwana tsakar gida."

"Na yi kuskure, Inna. A taimaka."

"Mi za ka yi da su?"

"Ƙafar Sarkin Rawa zan haska."

Ta ajiye faifan. "Ƙafa. Ni na fara ganin ƙafar nan a duniya, ita ta riga kai fitowa. Tun ran nan na san za ta wahal da mutane." Ta dube ni. "Nawa kake so?"

Ta samo goma sha biyu, da sharuɗɗa. Kowace fitila an ɗaura mata zare mai launin kansa domin kada ta wance ta koma ɗakin wance. Ƙwayayen gilashin a hannun Inna za su riƙa kwana, cikin ƙwarya, an naɗe kowanne da tsumma. Kuma ranar gasa da ita za a tafi Mayahi, domin ba ta yarda da maza takwas da makaɗi da malamin lakwal a kan abin fashewa ba. Bakwai daga cikin fitilun ba su da lagwani, ba su taɓa samu ba tun daga shago. Ranar kasuwar Gidan Amumune na tura kekena cikin rairayi na je na sayo, na dawo rabin hanyar ni ke ɗauke da keken.

Fitilar ƙwai tana watsa haskenta ko'ina kamar mai surutu. Ni kuwa so nake ta yi magana da mutum ɗaya. Abin da farin ya kawo mana a wadace shi ne gwangwani, na man agaji, manya masu farin ciki. Maƙerin gari ya tsaga mini goma sha biyu ya lanƙwasa su kamar rabin ƙwarya, na zauna na dirje cikinsu da toka da tsamiya har na fara ganin fuskata, abin da ban nema ba. In aka kafa gwangwani a bayan fitila yana aiki uku: ya tura haske cikin fili, ya tare iska, ya kuma ɓoye harshen wutar daga idon mai kallo. Na tsara shida a hagu, shida a dama. A kowane gefe uku a ƙasa bisa tubali, daidai ƙauri; uku kuma a kan turmi kifaffe da aka ɗora bisa benci, daidai ƙirji. Turame ba su da wani aiki a shekarar, babu matar da ta hana.

Yammacin gwaji na fari na jera komai a filin lakwal bayan sallar almuru, na kunna, na zagaya bayan aji in kira makaɗi. Da na dawo, fitilu tara suna rataye a rassan dogon yaro, biyu a kan danga, ɗaya kuma a gaban mai gari, wanda ya zo kallo aka shimfiɗa masa buzu.

"Mushe, an bar maka fitilu a ƙasa," in ji mai gari. "Na sa an gyara."

"Ranka ya daɗe, ni na ajiye su."

"Kai? Kunama kake nema?"

Na sauke su. Washegari wani ya sake rataye su, jibi wani daban, kowa da niyyar taimako, domin babu wanda idonsa zai iya jure ganin fitilar jere zaune a ƙasa kamar kaza. Rana ta huɗu mai gari ya kira ni gefe. Dattijo ne mai sanyin magana, wanda ba ya son a ji sunan garinsa a bakin hukuma, da alheri ko akasinsa.

"Ka yi tunani, Mushe. Manyan baƙi zaune cikin duhu, ƙafar talaka cikin haske. In anka tambaya wa ya shirya haka, mi zan ce?"

Na shiga bayani. Na kawo tudu da kwari, na zana layuka a ƙasa da tsinke, har na ambaci yadda wata ke cika yana raguwa. Ya saurare ni da haƙurin da ake yi wa marar lafiya. Sarkin Rawa yana tsugune kusa yana gyara ƙotar hauyarsa, bai ɗago kai ba ya ce:

"Ranka shi daɗe, bara da anka sace akuyarka, yaushe munka bi sawu?"

"Da sassahe."

"Mi ya hana mu jira rana ta take tsaka, ga haske ya fi yawa?"

"Wane sawu za ka gani da rana tsaka? Ɓacewa yake."

"To, Mushe sassahe yake son yi da fitila."

Mai gari ya daɗe yana duban layukan da na zana. Sannan ya ɗaga murya ya ce duk wanda ya ƙara taɓa fitilar Mushe, da shi yake. Shekara uku na yi a makarantar horo ana koya mini yadda ake fahimtar da mutane.

A daren nan ne muka fara ganin abin sosai, kuma ba abin da na shirya gani ba ne. Masu rawar hauya ba sa sa riga, walki kaɗai suke ɗaurawa. Ganga ta tashi, suka shigo tsakanin fitilu. Na ƙasa sun yi abin da littafi ya ce: diddige ya fito, rairayin da ke tashi ya kama haske. Na kan turmi ma sun yi abin da littafi ya ce. Kowane haƙarƙari ya fito da inuwarsa, kamar tsagin ƙwaryar nan. Kullum da rana muna ganin mutanen nan, ba mu taɓa ganin haka ba. Matan da suka zo duba lafiyar fitilunsu suka daina hira. Makaɗi ya sassauta hannu har gangar ta mutu da kanta.

Sarkin Rawa ya dubi ƙirjinsa. "Mushe, fitilarka ta iya lissahi. Ta ƙirga su duka, ba ta bar ko ɗaya ba."

Aka yi ƴar dariya, ba mai yawa ba. Mai gari ya ce a hankali, baƙi za su ɗauka roƙo muka zo. Ni kuwa jinina yana tafasa irin na ƙuruciya, na ce a bar su, gaskiya ce, manya su gani. Kwana guda na yi ina kare turamena, har da kalmomin da na tabbata ba a taɓa furtawa a garin ba. Sarkin Rawa ne ya rufe maganar, muna tsaye bakin rijiya.

"Yunwa kowa yana da ita a gida, Mushe, ba sai ya zo Mayahi kallonta ba. Babu wanda za mu ba labari. Ƙafar ce ba kowa ke da ita ba. Ita ka yi mini alkawari."

Na mayar wa mata turamensu. Fitilu goma sha biyu duka suka sauko bisa tubali, masu rawa kuma aka nemo musu taguwoyi. Har yau ban gama yanke hukunci a kan wanda ya fi gaskiya tsakanina da shi ba, amma haƙarƙarin nasa ne.

Sauran makonnin aiki ne zalla. Kwalba ɗaya na ware wa gwaji, ɗaya na toshe bakinta da kakin zuma na ɓoye ƙarƙashin gado domin ranar gasa. Da cokali nake zuba wa kowace fitila, a yi rawar sau biyar cikin duhu, ta shida a kunna. Na auna tazarar kowane tubali da igiya mai ƙulli, domin in iya sake jera su a kowane fili cikin lokacin da ake ɗauka a yi alwala. Inna ta ɗauki kunna na hagu, ni na dama, kuma kullum sai ta riga ni. A gidan Sarkin Rawa an koma cin anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki. Duk ranar kasuwa kamyo, babbar motar kaya, yakan wuce bayan gari cike da maza zuwa kudu. Ban taɓa ganin ya juya ya dube shi ba, kuma wannan ya fi mini nauyi da a ce ya duba.

Ranar gasa muka tashi da asuba. Tubala da gwangwanaye a amalanken jaki, mu a ƙasa, Inna a gaba da ƙwaryar gilasai a ka, babu wanda ta bari ya matso kusa da ita. Mun isa Mayahi rana ta kusa tsaka. Ina cikin kwance igiyata in auna filin, sai mai shela ya zagayo. Babban baƙon bana soja ne mai muƙami, yana da wani gari a gabansa, hanya kuma rairayi ce, dole ya tashi kafin almuru. Saboda haka za a fara da an sauko daga azahar, a gama da sauran rana.

Na tsaya da igiya a hannu. Sarkin Rawa ya ajiye hauyarsa. Ya zauna a ƙasa ya fara ɗaura kacau-kacau. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Na dubi filin kamar yadda nake sa yara su dubi taswira. Rumfar baƙi tana kallon arewa. Yamma tana hannun hagunsu. In rana ta sauka ƙasa sosai, daga gefe za ta shigo, daidai inda na yi niyyar jera tubalan Inna. Matsalar ita ce jerin wasa. Bisa girman garuruwa ake shiga: wanda ya fi tsufa shi ke farawa, tungaye, ƙananan ƙauyukan da aka kafa daga baya, su ne ƙarshe, lokacin da baƙi suka fara duban agogo. Garinmu na biyu ne, matsayin da kakan mai gari ya yi doguwar shari'a a kansa. Na biyu kuwa yana nufin rana a bisa kai.

"Ranka ya daɗe," na ce wa mai gari, "ina roƙon mu shiga ƙarshe."

"Ka san abin da kake roƙo? Bayan tungar da ubana ya ba wurin zama?"

"Na sani."

"In baƙon ya tashi kahin a kai gare mu fa?"

"Zai iya tashi. Amma in muka shiga yanzu, rana tsaka ce. Ba za a ga sawu ba."

Ya dubi sama, ya dubi rumfa, sannan ya dubi Sarkin Rawa da ke ɗaure ƙafa ta biyu. "Wata biyu ke nan bai tahi ba," ya ce, ba da ni yake ba. Ya gyara babbar rigarsa ya nufi teburin masu shirya gasa. Daga baya na ji abin da ya gaya musu: fatar gangarmu ta saki a hanya, sai ta sha rana. Makaɗinmu, wanda gangarsa lafiya lau take, ya shanya ta a bainar jama'a har la'asar, yana taɓa ta yana girgiza kai.

Garuruwa suka yi ta shiga suna fita. Aka tsaya aka yi la'asar, aka dawo. Inuwa ta fara tsawo, sai ga wata matsalar: jama'a sun cika gefen yamma a tsaye, inuwarsu ta rufe rabin filin. Na roƙe su su matsa, da Hausa da Faransanci. Suka dube ni kamar mai tallar magani. Inna ta ture ni gefe. Ta sa wa kowace fitila ƙwanta, ta jera goma sha biyun nan a ƙasa can baya, a bakin taron, ba ta kunna ko ɗaya ba.

"Kayan ɗakin matan mutane ne," ta ce. "Kowa shi koma bayansu shi zauna. Wanda ya fasa, shi za ya je ya yi wa mai ita bayani."

Gardawa masu gemu suka ja da baya suka zauna a ƙasa. Rana ta kwanto cikin filin, ja, a kwance, ba abin da ya tare ta.

Tungar da ke gabanmu tana fita, babban baƙon ya dubi agogonsa. Direbansa ya tayar da mota. Ya miƙe tsaye, duk rumfar ta miƙe saboda ya miƙe. Na yi wa makaɗi alama da hannu biyu, ba tare da jiran mai shela ba.

Suka shigo. Kowane mutum da inuwarsa mai tsawon dabino tana tafiya a gefensa. Kowane ramin da hauya ta buɗe ya fito baƙi a kan jan rairayi, ana iya ƙirga su daga rumfa. A gaban layi kuma ga diddigen nan: ɗaya, biyu, uku, bugun ganga ɗaya, rairayi yana tashi a bayansa yana kama wuta kafin ya faɗi. Wata biyu ina kallon rawar nan, ban taɓa ganin tana da kyau haka ba, kuma fitiluna ba su taɓa kusantar wannan ba. Baƙon ya yi taku ɗaya wajen mota ya tsaya. Ba fuska yake kallo ba, ƙasa yake kallo. Alƙalin nan mai sakace ya leƙo ta bayan kafaɗarsa. Tun da babba bai zauna ba, babu wanda ya zauna, har aka gama. A garinmu har yau ana cewa manyan ƙasa a tsaye suka kalli rawar hauya, kuma ban taɓa gyara wa kowa labarin ba.

Mun zo na biyu. Mai gari ya ce dama can matsayinmu ke nan tun zamanin kakansa.

Sarkin Rawa bai koma gida tare da mu ba. Washegari da safe akwai kamyo mai zuwa kudu daga tashar Mayahi. Gwiwarsa ta kumbura kamar tulu, sai da mutum biyu suka tura shi sama. Ya miƙo mini hauyarsa da kacau-kacau in kai wa iyalinsa.

"Mushe, an gani?"

"An gani."

"Duka ukun?"

"Duka ukun."

"To," ya ce, ya gyara zama a kan buhu, motar ta tashi.

Fitilu suka koma saman jere, kowace da zarenta, bakwai daga ciki da sabon lagwani. Kwalbar da na toshe da kaki Inna ta karɓe ta, ta ce haihuwa ba ta jiran la'asar. Bayan wata guda takardar sakamako ta iso lakwal, da hatimi, an raba ta layi-layi: kiɗa, sutura, jeruwa, gwaninta. A layin da aka ware wa haske, alƙalai sun rubuta kalma ɗaya: babu.